Kare Marar Ubangiji a Adabin Hausa: Nazari Daga Fadamar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka na Hausa sun daɗe suna bin diddigin dabbobin da ke cikin tatsuniya. Sun yi bayani mai yawa a kan gizo da wayonsa, da kura da haɗamarta, da zaki da sarautarsa, da dila da malantarsa. Kare kuwa bai sami irin wannan kulawa ba, alhali dabbobi kaɗan ne suka fi shi kusa da ƙofar gidan Bahaushe. Wannan maƙala za ta duba yadda adabin Hausa ya ɗauki kare, musamman karen da ba shi da ubangiji, wanda ke yawo yana neman inda zai raɓa, da kuma shaƙuwar da ke ƙulluwa tsakaninsa da yara. An kafa nazarin a kan ƙasar Haɗejiya da fadamarta, domin wuri ne da ambaliya ke tayar da gidaje lokaci bayan lokaci, ta bar karnuka ba masu su, sa'an nan ta haɗa su da yara a kan tudu guda.

Abin da ake son tabbatarwa shi ne, adabin Hausa baki biyu gare shi game da kare. Karin magana, wadda take hikimar manya ce, ta mai da shi abin ƙasƙanci. Tatsuniya, wadda ake yi wa yara, ta ba shi matsayin amini mai ceton rai. Da rubutaccen adabi ya zo sai ya fi karkata ga karin magana, ya bar yaro da karensa a waje. Za a nuna cewa wannan giɓi ya wuce maganar adabi kaɗai, domin yana taɓa lafiyar yara da rayukansu.

2.0 Fadamar Haɗejiya da Karnukanta

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Yana ratsa ƙasashen Auyo da Haɗejiya da Kirikasamma da Guri, ya rarrabu rassa rassa cikin fadama, kafin ruwansa ya gamu da na kogin Jama'are kusa da Gashuwa, su zama kogin Yobe mai gangarawa tafkin Chadi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sauya. Rassan da a da suke ƙafewa da rani sun koma riƙe ruwa duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin yaɗuwa ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana idan damina ta yi ƙarfi ruwan yakan bar hanyarsa ya faɗa wa gonaki da ƙauyuka. An ga haka a 2012 da 2018 da 2020, sa'an nan a 2022 abin ya yi tsanani, mutanen garin Haɗejiya suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, na ƙauyuka da yawa kuma suka koma makarantu da gefen hanyar mota.

A wannan ƙasa kare ma'aikaci ne. Manomin shinkafa da mai lambun tattasai suna ajiye shi don gadi, Fulanin da ke gangarowa fadama da rani suna tafe da nasu a gefen garke, mafarauta kuma ba su shiga daji sai da shi. Amma sa'ad da ruwa ya ci gida, magidanci yakan fara da iyali, sai hatsi, sai awaki da kaji. Ba a cika tanadar wa kare wuri a kwalekwale ba. In ya yi iyo ya kai tudu ya tsira, amma ya rasa gidan da ya sani, kuma wanda ke zaune a ɗakin makaranta da iyalinsa ba shi da halin ciyar da shi. Ta haka karen gadi yake komawa karen bola.

Wanda ya fi saurin lura da irin wannan kare shi ne yaro. Shi ne ke tsintar kwikwiyo a kango ko a gindin rumbu, ya ɗaura masa igiya, ya raɗa masa suna, ya rage masa ƙanzo da ƙayar kifi, ya ɓoye shi a bayan danga don kada mahaifinsa ya gani. Gaskiya ne kuma cewa yara ne ke bin kare da jifa har ya fita unguwa. Waɗannan halaye biyu, na jinƙai da na cuta, suna nan tare a cikin taron yara guda, kuma za a ga cewa tatsuniya ta san su duka biyu.

3.0 Kare a Bakin Manya

Idan aka tattara karin magana da salon magana masu ambaton kare, za a tarar mafi yawansu sun ginu a kan raini. Kalmar kanta zagi ce. A ce wa mutum kare, ko ɗan kare, ko a ce wa mace karya, ya isa tayar da faɗa a kowace kasuwa. Wanda ke yi wa wani babba aikin ƙazanta a siyasa karen farauta ne. Yaron da ke bin direba yana ɗaure kaya karen mota ne. A dukkan waɗannan, abin da ake nufi shi ne mai bi wanda ba shi da ra'ayin kansa, wanda kuma abin da aka jefa masa ne ladansa.

A duba karin maganar da ke cewa, "In gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidanku." Ana amfani da ita wajen nuna shakka a kan alkawari, amma hoton da ke cikinta ya fi ma'anarta zurfi. An yarda gidan na su kare ne, tun da an ce "gidanku", sai dai rabonsa ba ya wuce abin da ya faɗo ƙasa. Watau ɗan gida ne wanda ba a lissafa shi cikin masu akushi. Haka nan "Tsugune ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri" ta nuna shi a matsayin kayan da ake sayarwa don a rabu da halinsa. "Rashin sani, karen gwauro ya kori bazawara" kuwa ta mai da amincinsa wauta: ya yi aikin gadin da aka ajiye shi dominsa, amma aikin ya zama hasara ga ubangijinsa. "Kare, ka mutu da haushin kura" ta siffanta shi da mai ƙiyayyar da ba ta da ƙarfin cimma kome.

Akwai 'yan kaɗan da suka yaba masa, kuma dukkansu daga fagen farauta suka fito. Fitacciya a cikinsu ita ce "Karen bana shi ke maganin zomon bana." A nan ma ba amincinsa aka yaba ba, gudunsa da amfaninsa aka yaba. Abin lura shi ne, da wuya a sami karin maganar da ta haɗa kare da yaro, ko ta ambaci tausayin kare. Wannan ba abin mamaki ba ne in aka tuna da masu ita. Karin magana kayan zaure ce da fada da kasuwa, manya ke jefa ta ga manya, ko su jefa wa yara don horo. Ta ɗauki kare kamar yadda magidanci yake ganinsa daga ƙofar gida, ba ta sunkuya ta dube shi daga tsayin yaro ba.

4.0 Kare a Tatsuniya

Tatsuniya daban take. Da dare ake yin ta, a cikin gida, yawanci daga bakin kaka ko uwa ko 'yammata, masu sauraro kuma yara ne. Tun farkon ƙarni na 20 aka tara da yawa daga cikinta a rubuce, kamar a littattafai uku na Frank Edgar (1911 zuwa 1913), da na R. S. Rattray da na A. J. N. Tremearne (dukkansu 1913), sa'an nan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Za a ɗauki zubin tatsuniya biyu da kare yake da babban matsayi a cikinsu. Kowanne yana da ruwayoyi da yawa, saboda haka ƙashin bayan labarin kawai za a kawo.

Na farko shi ne na yaro da kare da kyanwa da zobe. An ba yaro, wanda galibi Auta ne ko maraya, 'yan kuɗi ya je kasuwa ya yi sayayya ko ya ja jari. A hanya ya tarar an taru a kan wani kare ana dukansa za a kashe, sai ya ba da kuɗin ya fanshe shi. Ya koma gida aka yi masa faɗa. Aka sake aikensa ya fanso kyanwa, a karo na uku kuma maciji, wanda ta dalilinsa ya sami zoben biyan bukata. Ya yi arziki, ya auri 'yar sarki, aka yaudare shi aka sace zoben aka ƙetare ruwa da shi. Sa'ad da kowa ya guje shi, kare da kyanwa ne suka tafi neman zoben. Kyanwa ta tilasta wa ɓera ya sato shi, kare kuma ya goya ta ya yi iyo da ita, zuwa da dawowa. Wannan zubi ba na Hausa kaɗai ba ne, yana nan a Asiya da Turai, kuma shi ne mai lamba 560 a jerin nau'o'in tatsuniya na Aarne da Thompson. Amma duk yaron da ya tashi a Guri ko Auyo, wanda ya taɓa ganin kare yana keta ruwa kansa a sama, zai ji wannan sashe na iyo kamar a bayan gidansu aka yi shi.

Abubuwa uku sun cancanci sharhi a nan. Na ɗaya, labarin ya fara ne da taron masu cutar kare, kuma tauraron ya bambanta da su ta hanyar jinƙai. Na biyu, manyan gida sun ɗauki abin da ya yi a matsayin ɓarnar dukiya, kamar yadda karin magana za ta ɗauka, labarin kuma ya ƙaryata su a ƙarshe. Na uku, tauraron da karen matsayinsu ɗaya a gida. Auta shi ne wanda ba a shawara da shi, maraya shi ne wanda ke cin ragowa, kare kuma shi ne mai jiran abin da ya faɗo ƙasa. Tatsuniya ta haɗa su ne domin kowannensu yana neman wurin zama a gidan da bai gama karɓarsa ba.

Zubi na biyu shi ne na karnukan da suka ceci ubangijinsu daga kan itace. Wani saurayi maharbi yana da karnuka. Mayya ko dodanniya ta rikiɗa ta zama kyakkyawar mace, ta nemi ya raka ta daji, amma ta kafa sharaɗin ya ɗaure karnukansa a gida. Da suka yi nisa ta koma kamanninta, ya haye itace, ta shiga sara. Daga can sama ya rera waƙa yana kiran karnukan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wata a gida ta kwance su, suka iso suka halaka ta. William Bascom ya bi sawun wannan zubi a Afirka ta Yamma har zuwa tsakanin zuriyar bayin da aka kai Amurka, a nazarinsa da aka tara aka buga a 1992.

A nan masifa ta fara ne daga sa'ad da saurayi ya yarda ya rabu da karnukansa don ya faranta wa baƙuwa rai. Ceto kuma ya zo ta hanyar suna. Karin magana "kare" kawai ta sani, jinsi ne marar fuska. Tatsuniya kuwa ta ba kowane kare sunansa, ta sa sunan cikin waƙa, yara su amsa. Yaron da ya raɗa wa kwikwiyon kango suna, abin da ya ji a tatsuniya yake aikatawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk da haka tatsuniya tana da nata rauni. Jinƙai a cikinta kullum yana da riba: an fanshi kare, kare ya biya da zobe. Ba ta koya wa yaro yadda zai yi da karen da ba zai taɓa kawo masa kome ba. A ruwayoyi da dama na labarin zobe, a ƙasashe daban-daban, kyanwa ce ke samun ladan zama cikin ɗaki, kare ya ƙare a ƙofar gida, watau labarin ya dawo ya gaskata tsarin da ya fara da sukarsa. Mafi girman rauninta shi ne ba ta san mahaukacin kare ba. Karen tatsuniya ba ya ciwo, ba ya cizon mai shi.

5.0 Abin da Littattafan Malamai Suka Ce

Sau da yawa akan jingina ƙyamar kare ga addini, a rufe magana a nan. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa sun fi haka faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yi rinjaye a nan, duk wani mai rai tsarkakakke ne, har da kare, kuma haka Mukhtasar na Khalil ya tafi a kai. Wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umurni, ba hukuncin najasa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta hana ajiye kare a gida sai don gadin dabbobi ko shuka ko farauta, kuma waɗannan uku su ne ainihin sana'o'in mutanen fadama. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro.

Gaskiya ne akwai hadisin da ya ambaci tauyewar lada ga mai ajiye kare ba da ɗayan waɗannan dalilai ba, akwai kuma misalin kare mai lallage harshe a Suratul A'araf, aya ta 176. Amma akwai aya ta 4 a Suratul Ma'ida da ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, akwai karen As'habul Kahfi da aka ambata kwance a bakin kogo, aka kuma lissafa shi tare da samarin. Akwai hadisin da Malik da Bukhari suka ruwaito na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka gafarta masa. Wannan kare na bakin rijiya ba shi da ubangiji, ba ya gadi, ba ya farauta, kuma bai biya mutumin da kome ba. Ta wannan fuska hadisin ya cike giɓin da tatsuniya ta bari, domin ya raba jinƙai da riba. A adabin Larabci ma, Ibn al-Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya wallafa littafi sukutum yana fifita amincin karnuka a kan na mutane da yawa. Ashe ke nan tsananin ƙyamar da ke cikin karin magana al'ada ce ta fi yawa a cikinta, ba hukuncin fiƙihu ba.

6.0 Rubutaccen Adabi

Da aka fara rubuta littattafan hira na Hausa a shekarun 1930, marubuta sun ɗebi kaya da yawa daga tatsuniya, amma matsayin dabba aminiyar yaro ya tafi wurin wasu. A Magana Jari Ce (1937 zuwa 1939) Abubakar Imam ya ba aku wannan matsayi, shi ke hana Musa ɗan sarki fita ta hanyar ba shi labari. A Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) doki ne abokin tafiyar tauraro. Aku da doki dabbobin fada ne, ana iya shiga da su gaban sarki ba tare da jin kunya ba. Imam ya sa wa ɗaya daga cikin labaransa karin maganar karen bana da zomon bana a matsayin kai, amma labarin na wayon mutane ne, karen bai wuce kan magana ba. Ba kasafai ake samun littafin Hausa da ya ɗauki yaro da karensa a matsayin taurari ba, ko a cikin littattafan firamare, ko a cikin adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980.

Ba za a ce jigon bai dace da al'ummar Musulmi ko ta Afirka ba, domin wasu sun gwada shi ya yi kyau. A Iran, Sadegh Hedayat ya buga gajeren labarinsa na karen yawo a 1942. Ya ba da labarin ta idon karen da ya ɓace wa ubangijinsa, yana shan jifa da duka a dandalin wani gari, yana bin duk wanda ya shafa kansa da fatan ya sami sabon gida. A Mozambik, Luís Bernardo Honwana ya fitar da labarinsa na kashe kare mai ƙazuwa a 1964, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1969. A can manya ne suka ba taron yara umurnin harbe wani tsohon kare mai gyambo, mai ba da labarin yana cikinsu zuciyarsa ba ta so, wata yarinya kuma ita kaɗai take ƙaunar karen. Honwana ya yi amfani da wannan wajen nuna yadda mulkin mallaka yake koya wa yaro taurin zuciya. Dukkan marubutan biyu sun ga abin da tatsuniyar Hausa ta riga ta gani, watau halin al'umma yana bayyana a wurin da yara suka kewaye kare. Bambancin shi ne su sun ɗauke shi daga duniyar zoben sihiri sun kawo shi kan titin gari.

7.0 Abin da Shiru Ke Jawowa

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne hasarar in adabi ya yi shiru a kan kare? Amsar tana wurin likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Amma in an wanke wurin cizon nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, aka kuma hanzarta zuwa asibiti aka fara allura, ana tsira. Mutum na farko da Louis Pasteur ya ceta da wannan allura a Faransa, a watan Yuli na 1885, yaro ne ɗan shekara 9. An kuma tabbatar cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi yana katse yaɗuwar ciwon, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin allurar karnuka.

Dukkan wannan ya dogara a kan abu guda, watau yaro ya faɗa. Yaron da ya ɓoye kwikwiyo a bayan danga don tsoron bulala, zai ɓoye yakushi da cizo saboda wannan tsoron. Karin magana ta koya masa cewa abokinsa abin kunya ne, tatsuniya ta koya masa cewa abokinsa ba ya cuta, babu kuma wadda ta gaya masa yadda ake gane karen da halinsa ya sauya, mai dalalar da miyau, mai cizon abin da ya tarar, ko wanda ya yi laƙwas ba gaira ba dalili. Karen da ba a yarda akwai shi a gida ba, ba wanda zai kai shi wurin malamin dabbobi. A sansanin gudun ambaliya, inda yara da karnukan ƙauyuka daban-daban suka cakuɗu, wannan hatsari ya fi kusa.

Akwai wata hasarar kuma. Fatauci na karnuka daga arewa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato abu ne sananne. Karen da yaro ya rena a ɓoye shi ne mafi sauƙin sayarwa, domin a idon manya ba na kowa ba ne. Yaron da ya dawo makaranta ya tarar da igiya ba kare ba shi da kalmar da zai faɗi baƙin cikinsa da ita, in ya yi kuka ma dariya za a yi masa. Ɗaya daga cikin ayyukan adabi shi ne bai wa irin wannan ɓacin rai harshe, kuma a nan adabin Hausa bai yi aikinsa ba tukuna.

8.0 Kammalawa

An ga cewa karin magana ta dubi kare da idon magidanci, ta ƙasƙantar da shi, tatsuniya ta dube shi da idon Auta da maraya, ta ɗaukaka shi har ta manta da haƙoransa, littattafan fiƙihu kuma sun tsaya a tsakani fiye da yadda ake zato. Rubutaccen adabi, wanda ya kamata ya haɗa waɗannan, ya zaɓi dabbobin fada.

Aikin da ya rage na mutum uku ne. Ɗaliban da ke neman batun digiri suna da fage a ƙasar Haɗejiya, inda Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa suke zaune tare: a naɗi ruwayoyin waɗannan tatsuniyoyi biyu daga bakin tsofaffi mata, a tara sunayen karnuka da waƙoƙin kiransu da kirarin mafarauta, a kwatanta. Malaman Hausa na firamare suna iya ɗaukar tatsuniyar zobe su karantar, sa'an nan su ɗora da bayanin sabulu da ruwa da asibiti a darasi guda, domin yaron da ya ji malami ya ambaci kare ba da zagi ba zai fi saurin nuna masa ciwon da ke ƙafarsa. Marubuta kuwa suna da labarin da ba su rubuta ba, na yaron da ruwa ya ci gidansu da karen da ruwa ya ci gidan ubangijinsa, sun haɗu a harabar makarantar da aka mai da sansani. Kayan aikin duka suna cikin harshen, daga waƙar kiran karnuka ta saurayin kan itace har zuwa labarin mai huffi a bakin rijiya.